Yadda Ake Matsa wa Firosesa Lamba Ana Lura da Zafinsa

Kwamfuta na iya shafe wata guda tana buɗe Word da YouTube lafiya lau, amma ranar da aka ɗora mata haɗa bidiyo ko zanen gini sai ta fara huci, gudunta ya yi sanyi, ko ta mutu ɗif ba sallama. Dalili shi ne aikin yau da gobe ba ya kai firosesa bango. Kaɗan daga ƙarfinsa ake taɓawa, shi ma na ɗan lokaci. Don haka duk matsalar da ke tattare da fanka, ko man da ke ɗauke zafi, ko wutar da ke shiga firosesa, tana nan kwance ba a gan ta ba. Gwajin matsa lamba shi ne a tilasta wa firosesa ya yi aiki da iyakar ƙarfinsa na wani lokaci da aka ƙayyade, ana kallon zafinsa, domin matsalar ta fito fili a lokacin da aka shirya mata. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ana yin wannan gwaji idan an sayi kwamfuta ta hannu, ko an haɗa sabuwa ta tebur, ko an buɗe ta an share ƙura an sauya mai, ko an taɓa saitin gudu da wuta a BIOS, ko kuma ta fara kashe kanta babu dalili. A kowane hali, abin da ya kamata mai gwaji ya riƙe shi ne: lambar zafi ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Lambobi uku ake karantawa tare, wato zafi, da gudu, da yawan wutar da firosesa ke sha, sannan a auna su da zafin ɗakin da ake ciki.

Abin da ke faruwa a ciki

Kusan duk wutar da firosesa ya sha zafi take komawa. Wanda ke shan wat 15 yana fitar da zafin wat 15, wanda ke shan wat 250 yana fitar da na 250, kuma duk daga wani ɗan fili da bai kai tafin hannun jariri ba. Zafin yana bi ta cikin siririn man da aka shafa, ya shiga ƙarfen da aka ɗaure a kan firosesa, ya bi bututun tagulla zuwa wasu siraran farantai da ke jere, fanka ta hura iska ta tsakaninsu ta fitar da shi waje. Ko'ina aka samu cikas a wannan hanya, zafi zai taru.

Kowane firosesa yana da iyakar zafin da kamfani ya sa masa. A yawancin na Intel iyakar digiri 100 ce a ma'aunin Salshiyos, wasu sababbi kuma sun ɗara haka kaɗan. Ryzen 7000 na AMD, waɗanda suka fito a 2022, iyakarsu 95 ce, kuma an ƙera su ne su riƙa ƙara gudu har su kai wannan lamba su zauna a kanta idan aiki ya yi nauyi. Ryzen 7 7800X3D kuwa 89 ce iyakarsa. Saboda haka digiri 92 a wani firosesa ba komai ba ne, a wani kuma ya wuce gona da iri. Kafin komai, ka nemi cikakken sunan firosesanka ka duba iyakarsa a shafin Intel ko AMD.

Idan firosesa ya kai iyaka ba ya ƙonewa. Rage gudu yake yi da kansa, ya rage shan wuta, har zafin ya sauka. In hakan bai wadatar ba, akwai kariya ta ƙarshe da ke yanke wuta gaba ɗaya. Wannan ne ya sa gwajin minti 10 ko 30 ba ya lalata kwamfuta mai lafiya. Wannan ne kuma ya sa kwamfutoci biyu za su iya nuna digiri 95, ɗaya tana aiki da cikakken gudunta, ɗayar kuwa ta zubar da rabin ƙarfinta don ta tsira. Wanda ya kalli zafi kawai zai ce daidai suke.

Akwai wani rage gudun da ba ruwansa da zafi. Firosesan Intel yana da iyakar wuta iri biyu: babba ta ɗan lokaci, wadda ake kira PL2, da ƙarama ta dogon zango, PL1. Yakan fara da babbar na wasu daƙiƙu, sau da yawa 28 ko 56, sannan ya sauko ƙaramar. Wanda bai san haka ba zai ga gudu ya ragu bayan rabin minti ya ɗauka an cuce shi, alhali tsarin ne haka.

Kayan aiki

Manhaja biyu ake buƙata: mai ɗora kaya da mai auna zafi. Task Manager na Windows yana nuna yawan aikin da firosesa ke yi da gudunsa, amma ba ya nuna zafinsa, don haka dole a nemi wata.

Wajen aunawa, HWiNFO ta fi cika. Kyauta ce ga mai amfanin kansa, kuma tana da nau'in da ba sai an girka ba, daga filas ma tana tashi. Core Temp da HWMonitor sun fi sauƙin kallo, sai dai ba su kai ta bayani a kan dalilin rage gudu ba. Ɗaya kawai za ka buɗe a lokaci guda, domin idan biyu suna karanta na'urar auna zafi ɗaya sukan ba da lambobin banza.

Wajen ɗora kaya, akwai guda uku da suka isa:

Cinebench na kamfanin Maxon yana sa firosesa ya zana hoto mai wahala, irin aikin da masu haɗa fim ke yi. Nauyinsa ya yi kama da aikin gaske, kuma yana ba da maki a ƙarshe. A nau'in R23 akwai zaɓin minti 10 don ganin ko gudu na raguwa, da na minti 30 don ganin ko kwamfuta za ta jure.

Prime95 ta fi kowa rashin tausayi. George Woltman ne ya rubuta ta a 1996 don aikin GIMPS na farautar manyan lambobin da ba sa rabuwa. Da yake an riga an san amsar lissafin da take bayarwa, ko kuskure ɗaya firosesa ya yi sai ta kama shi. Masu amfani da ita ne suka gano wani aibi a firosesocin Intel na zangon Skylake da ke sa kwamfuta ta sandare, har kamfanin ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS.

OCCT ta haɗa biyun wuri guda: tana ɗora kaya, tana nuna zafi, tana ƙirga kurakurai, kuma ana iya sa mata iyakar zafin da za ta tsaya da kanta in an kai.

Ka sauke kowace daga shafin masu ita. Shafukan da ke tara manhajoji barkatai sukan cusa wasu abubuwa a ciki.

Shiri kafin a fara

Da farko ka kwafe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri, ka rufe duk aikin da ke buɗe. Kwamfutar da ake zargi na iya mutuwa a tsakiyar gwaji, abin da ba a adana ba ya tafi ke nan.

Idan laftof ce, ka juya ta ka duba. In murfin ƙasa ya ɗago, ko wurin da ake goga yatsa ya kumburo, to batir ya kumbura. Kada a yi gwajin sai an sauya shi, domin batir mai kumburi da zafi ba sa haɗuwa. In lafiya lau ne, ka ɗora ta a kan tebur mai tauri. Katifa, darduma da cinya duk suna toshe kafofin da iska ke shiga.

Ka jona cajarta ta asali, ko wadda ta kai ƙarfin ta asali. Wasu laftof idan ba su gane caja ba sukan danne gudun firosesa ƙasa da 1 GHz, komai sanyinsa. A saitin wuta na Windows ka zaɓi Best performance. Ka kuma zaɓi lokacin da wuta ta tsaya. In aka ɗauke wuta laftof ta koma kan batir, gudu zai sauka, sakamakon ya lalace. Ta tebur kuwa a jona ta da UPS. Janareta mai hawa da sauka na iya sa kwamfuta ta sake tashi, a ɗora wa firosesa laifin da ba nasa ba.

Ka buɗe Task Manager ka tabbatar babu sabuntawar Windows ko manhajar kashe bairos da ke aiki a ɓoye. Mai kwamfutar tebur da firosesan Intel na zango na 13 ko 14, musamman i7 da i9, ya fara sabunta BIOS. A 2024 Intel ta amince cewa waɗannan firosesoci suna neman wutar da ta yi musu yawa, abin da ke lalata su a hankali, ta fitar da gyara a watannin Agusta da Satumba na shekarar, ta kuma ƙara shekara biyu a garantinsu. Bai kamata a matsa wa irinsu lamba da tsohon BIOS ba.

Abu na ƙarshe, ka rubuta zafin ɗakin. Ƙaramin ma'aunin zafi na bango ya isa. A ajiye shi kusa da inda kwamfutar ke jan iska.

Gwajin, mataki-mataki

1. Ka buɗe HWiNFO, ka sa alama a Sensors-only, ka danna Start. Dogon jeri zai fito mai layi huɗu a tsaye: Current, Minimum, Maximum da Average, wato na yanzu, mafi ƙanƙanta, mafi girma da matsakaici. Kada yawan lambobin ya ruɗa ka. Waɗanda za ka nema su ne CPU Package a Intel, ko CPU Tctl/Tdie a AMD, don zafi. Average Effective Clock don gudun gaske. CPU Package Power don wuta. Sai layukan Thermal Throttling da Power Limit Exceeded, masu nuna Yes ko No. Can ƙasan jerin akwai mai ƙirga kurakuran WHEA, wanda ya kamata ya zauna a sifili.

2. Ka bar kwamfutar ta huta minti 10 ba ta yin komai, ka rubuta zafinta. A ɗaki mai sanyi-sanyi, tsakanin digiri 35 da 50 abu ne da aka saba gani. In tana zaune a 75 ba ta aikin komai, kuma Task Manager ya nuna firosesa na hutawa, ka riga ka sami amsa: a gyara sanyaya kafin a ci gaba.

3. Ka danna hoton agogon da ke ƙasan HWiNFO don ya goge tsofaffin lambobi. Kusa da shi akwai maɓallin da ke rubuta duk abin da aka auna cikin fayil. Ka kunna shi, domin in kwamfutar ta mutu, a nan za ka ga zafin da ta kai kafin ta tafi.

4. Ka fara da Cinebench, gwajin Multi Core na minti 10. Ka jera manhajojin biyu gefe da gefe. Minti biyun farko kada ka ɗauke ido: ka lura da saurin hawan zafi, da lokacin da fanka ta tashi, da lokacin da wuta ta sauko daga babbar iyaka zuwa ƙarama. Ka kai bayan hannunka wurin da iska ke fita. Ana so ka ji iska mai zafi tana fita da ƙarfi, domin alama ce zafin na samun hanya.

5. Ka jira zafin ya daidaita. Laftof da fankar iska sukan kai wannan matsayi cikin minti 10 zuwa 15. Mai sanyaya da ruwa takan ɗauki rabin awa ko fiye, saboda sai ruwan kansa ya ɗumama. Lambar da aka samu bayan daidaituwa ita ce abin rubutawa. Ka fi ba Average muhimmanci a kan Maximum, domin tsalle na daƙiƙa ɗaya ba ya nuna halin kwamfuta.

6. In ta wuce wannan, sai Prime95. Karo na farko za ta tambaye ka ko kana son shiga GIMPS. Ka zaɓi Just Stress Testing. Small FFTs shi ne mai matsa wa firosesa kansa da fitar da zafi mafi yawa. Blend yana haɗawa da RAM, zafinsa bai kai na farko ba, amma yana tono matsalar da ke tsakanin firosesa da RAM. Ga laftof, ko kwamfutar da sanyayarta ba ta da ƙarfi, ka sa alama a wuraren kashe AVX da ke ƙasan akwatin, domin irin wannan lissafi yana ɗora nauyin da ba kasafai aikin gaske ke kaiwa ba. Minti 15 zuwa 30 sun isa a ga zafi.

7. Idan za ka tsayar da Prime95, ka shiga Test ka danna Stop, sannan Exit. Danna alamar rufewa ta saman kusurwa ba ya kashe ta. Ɓuya take yi kusa da agogon Windows ta ci gaba da aiki, mutum ya yi ta mamakin me ya sa fanka ta ƙi yin shiru.

8. Bayan tsayarwa, ka kalli saukar zafi. A kwamfuta mai lafiya yakan faɗo sosai cikin daƙiƙu kaɗan, ya koma kusa da inda ya fara cikin 'yan mintuna.

Ka dakatar da gwaji nan take in ka ji ƙaurin roba ko waya, in fanka ba ta juya ba alhali zafi ya haura 90, in tana ƙarar gogar wani abu, ko in caja ta yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa. Kada ka bar gwajin farko yana gudana ka fita.

Mai Linux ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji. Ya girka lm-sensors da stress-ng, ya buɗe tasha biyu. A ɗaya ya rubuta watch -n 1 sensors, zafi zai riƙa sabuntawa kowace daƙiƙa. A ɗayar ya rubuta stress-ng --cpu 0 --timeout 10m, wanda zai ɗora wa dukkan ƙwayoyin firosesa, wato cores, kaya na minti 10. Manhajar s-tui tana nuna zafi, gudu da wuta a fuska ɗaya, Prime95 kuma a can sunanta mprime.

Karanta sakamako

Mu ɗauki Core i5-8250U, wanda ya fito a 2017, kuma yana cikin laftof da yawa na ofis irin su HP EliteBook 840 G5 da Lenovo ThinkPad T480 da suka cika kasuwar kayan hannu. Ƙwayoyinsa huɗu ne, gudunsa na tushe 1.6 GHz, yana iya kaiwa 3.4 GHz, wutar da aka tsara masa wat 15, iyakar zafinsa 100.

A ce an kunna Cinebench. Wuta ta yi sama da wat 15 na rabin minti, zafi ya taɓa 90, sannan wutar ta sauko ta tsaya wajen 15, zafi ya zauna a 78, gudu ya tsaya sama da 2 GHz. Power Limit Exceeded ya nuna Yes, Thermal Throttling ya nuna No. Wannan laftof lafiyarta ƙalau. Iyakar wuta ce ta riƙe ta, kamar yadda aka ƙera ta.

A ce kuma wata irinta ce, da aka danna Start zafi ya yi tsalle zuwa 99 cikin daƙiƙa biyar, Thermal Throttling ya koma Yes da jan rubutu, wuta ta kasa kaiwa ko wat 12, gudu ya faɗo ƙasa da 1.6 GHz, iskar da ke fita kuma ɗumi-ɗumi ce kawai. Ga zafi a firosesa amma bai iso waje ba, ke nan hanyar ta yanke tun daga tushe. Ko mai ya bushe ya tsattsage, ko ƙarfen bai zauna daidai ba, ko bututun tagulla ya mutu.

Ta uku kuwa, zafi na hawa a hankali, minti bayan minti, har ya kai iyaka, fanka na ihu amma iskar da ke fita ba ta da ƙarfi, jikin laftof ɗin duka ya ɗau zafi. Wannan ƙura ce ta toshe farantan da ke bakin fanka. Zafin ya iso ƙofa, ya rasa mai fitar da shi.

Ta huɗu ita ce mai ruɗarwa: zafi 55 kawai, amma gudu ya maƙale a 0.4 ko 0.8 GHz. Wanda ya kalli zafi kaɗai zai yaba mata, alhali ita ce ta fi kowa ciwo. Wani abu ne daga waje ke umartar firosesa ya ja birki, yawanci caja, ko batir, ko wata na'urar auna zafi a madabod da ta lalace.

Ka kuma duba bambancin da ke tsakanin ƙwayoyi, waɗanda HWiNFO ke jerawa da Core 0, Core 1 har ƙarshe. Bambancin digiri kaɗan ba komai ba ne. In ya haura 15 tsakanin ƙwayoyi iri ɗaya a kan aiki ɗaya, ana zargin ƙarfen ya karkace ko man bai bazu ba. Daga zango na 12 na Intel akwai ƙwayoyi iri biyu a firosesa guda, manya da ƙanana, don haka babba da babba ake kwatantawa.

Zafi gefe guda ne, kuskuren lissafi gefe guda. In Prime95 ta tsaya ta rubuta Hardware failure detected, ko mai ƙirga WHEA ya bar sifili, ko shuɗin allo ya fito da WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR ko CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT, kwamfutar ta faɗi gwaji ko da zafinta 60 ne. Kuskure ɗaya ya isa. Ka mayar da BIOS saitinsa na asali ka sake. In a Blend kawai take faɗuwa, Small FFTs kuma tana wucewa, ka gwada RAM da MemTest86. In ta tebur ce kuma tana mutuwa ɗif da zarar kaya ya hau, babu shuɗin allo, zafi ma bai yi nisa ba, akwatin wuta ne abin fara tuhuma.

Zafin ɗaki

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. Duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙaru, firosesa ma yana ƙaruwa da kusan digiri ɗaya. Masu gwajin da ake gani a intanet yawanci a ɗakuna masu digiri 21 zuwa 25 suke aunawa. Kamfanoni da yawa kuma suna rubuta digiri 35 a matsayin iyakar zafin wurin da za a yi aiki da laftof ɗinsu. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, zafin rana a watan Afrilu yakan haura 40, kuma shagon da ke da rufin kwano babu silin ba ya rangwame.

Saboda haka ka riƙa cire zafin ɗaki daga zafin firosesa. Wanda ya nuna 88 a ɗaki mai 38, bambancinsa 50 ne. Wanda ya nuna 80 a ɗaki mai 22, nasa 58 ne. In wutar da suke sha ɗaya ce, na farkon ya fi kyawun sanyaya duk da lambarsa ta fi girma. Haka nan kwamfutar da ta wuce gwaji da sanyin safiyar Janairu tana saura digiri biyar ta kai iyaka, to da bazara za ta kai. Mai son sanin gaskiya ya gwada a wuri da lokacin da zai riƙa aiki da ita.

Idan zafi ya yi yawa

A fara da mai sauƙi. A kashe kwamfuta, a zare caja, a buɗe murfi, a cire wayar batir daga madabod kafin a taɓa komai. A laftof ƙura tana taruwa ne tsakanin fanka da farantan, inda ba a gani sai an ɗaga fankar, kuma takan dunƙule ta zama gammo guda da ake cirewa da hantsaki. Ƙurar hunturu ta fi kowace saurin yin wannan. In za a hura iska, a danne fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima.

In sai an sauya mai, a kwance sukurorin ƙarfen bisa lambobin da aka buga a jikinsa. A goge tsohon man da tsumma marar gashi da sinadarin isopropyl har ƙarfe ya yi ƙyalli. A firosesan tebur a ɗiga kamar ƙwayar wake a tsakiya, matsewa za ta baza shi. A laftof, inda gilashin firosesa yake a buɗe, a shafa siriri ya rufe fuskar duka. Aikin man shi ne cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarafa biyu, don haka labta shi ba ya ƙara sanyi. A ɗaure sukurori kaɗan-kaɗan, 1, 2, 3, 4, a zagayo har su kama. Sabuwar na'urar sanyaya takan zo da leda manne a gindinta; a tabbatar an ɓare ta. Lausasan katifun da ke kan wasu sassa na gefe a mayar da su yadda suke, ba a maye gurbinsu da mai. Kada a manta da mayar da wayar fanka.

Bayan an rufe, a maimaita gwajin daidai yadda aka yi da farko: manhaja ɗaya, tsawon lokaci ɗaya, wuri ɗaya. A laftof mai rage gudu, wani lokaci zafi ba ya sauka sosai bayan gyara, amma wuta da gudu da makin Cinebench sun tashi. Wannan ma nasara ce, domin firosesan ya mayar da sanyin da ya samu zuwa aiki.

A wurin saye, da tsawon gwaji

Mai zuwa sayen laftof ta hannu ya tafi da filas mai HWiNFO da Cinebench. Mai shago zai ce, "Alhaji, wannan garau take, ko buɗe ta ba a taɓa yi ba." Amsar ita ce, "To madalla, ranka ya daɗe, a ba ni minti goma sha biyar in gwada ta a nan gabanka." A jona cajar da za a haɗa maka da ita, ba ta shago ba. In ta nuna alamar ƙura ko bushewar mai, wannan gyara ne mai araha, sai a nemi ragi. In ta mutu, ko ta yi shuɗin allo, ko gudu ya maƙale ƙasa, a bar ta a nemi wata.

Tsawon gwaji ya danganta da tambayar da ake son amsawa. Don sanin ko sanyaya na aiki, minti 10 zuwa 30 sun isa. Don sabuwar kwamfutar da aka haɗa, awa ɗaya zuwa biyu na Blend. Wanda ya ƙara gudu ko ya rage wuta a BIOS, ko kwamfutar da za ta riƙa kwana tana aiki, shi ne mai buƙatar sa'o'i masu yawa, kuma ya ƙara da gwada ainihin aikin da zai riƙa yi, domin akwai saitin da ke jure kaya mai nauyi amma ya faɗi lokacin da aiki ke hawa da sauka. Laftof ta ofis ba ta da buƙatar kwana a kan Prime95, hakan wahalar da batir da fanka ne kawai.

Duk gwajin da ka yi, ka rubuta kwanan wata, zafin ɗaki, zafin hutu, matsakaicin zafi a kan kaya, gudu, wuta da makin Cinebench, ka ajiye a cikin kwamfutar. Ka maimaita bayan wucewar hunturu, kafin zafi ya kankama. In bambancin da ke tsakanin ɗaki da firosesa ya ƙaru da digiri 10, ko maki ya ragu a fili, lokacin buɗewa da sharewa ya yi.